Rahoton da Na Rubuta a Kan Mushe Alzuma

Da damanar bana Mushe Alzuma ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Kowace shekara, idan hatsi ya fara fid da kai, sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa. In zauna in jera kalmomin yabo, in karanta, in yage takardar. Yabon duk gaskiya ne. Abin da ke hana ni shi ne na san idan na yabe shi na tsaya nan, na ɓoye rabin labarin, kuma rabin da zan ɓoye nawa ne. Bara na ajiye aiki, babu sauran kujerar da nake tsoron rasawa. Saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Mijin goggona ne, Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina. A ƙasar Kurfai kowane malamin lakkol, wato makarantar boko, mushe ake ce masa, kalmar girmamawa da aka aro daga Faransanci, amma a garinmu idan aka ce Mushe ba a haɗa da suna ba, shi ake nufi. Dogo ne siriri, mai tafiya da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ba shi da babbar takardar karatu. Ya shiga aikin koyarwa tun yana saurayi da ƙaramar shaida, ya ƙare rayuwarsa a makarantun ƙauye, daga Imanan zuwa Tondikandiya zuwa arewacin Filinge. Yana jin Hausa da Zabarmanci, har da ɗan Buzanci da ya tsinta a bakin ɗalibansa.

Shi ya koya mini karatu. Da na ci jarrabawar shiga kwaleji, mahaifina ya ce ya isa haka, gona na jirana, in kuma rani ya yi in bi yayyena Kurmi, can ƙasashen kudu, neman tufafi. Mushe bai yi gardama da shi a zaure ba. Kwana uku a jere yana zuwa gonarmu da sassafe da haiwarsa a kafaɗa, ya kama kunya kusa da ta mahaifina, su yi ta noma ba mai cewa komai. A rana ta uku mahaifina ya tsaya ya ce, "Alzuma, mi kake so?" Ya ce, "Yaya, ka san abin da nike so. Ka ba ni Sa'idu. In bai zama komi ba, ni ka yi maka noman nashi kowace damana." Mahaifina ya yi dariya ya ce in tafi. Duk albashin da na taɓa karɓa a duniya, daga waɗannan kwana uku ya fito.

Yadda yake koyarwa kuwa, sai wanda ya zauna a ajinsa. Lissafi da karan hatsi yake yin sa, a ɗaura goma-goma, yaro ya kwance ɗauri da hannunsa ya ga inda aro yake fitowa. Yakan fara bayani da harshen da yaro ya sha a nono, sai abin ya zauna masa sannan ya sa masa rigar Faransanci. Idan yaro ya kwana biyu bai zo ba, Mushe zai hau kekensa har rugarsu ko tungarsu. Yana da wani kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango da yake rubuta halin kowane ɗalibi a ciki: wance ba ta ji sosai da kunnen hagu, a zaunar da ita gaba, wane yakan zo bai karya ba, kada a tambaye shi da farko. A lokacin na ɗauka duk malamai haka suke.

Ni ma na zama malami, amma tun shekarar farko idona ba ya kan aji. Ina koyarwa ina leƙen hanyar fita. Burina buro ne, wato ofis mai fanka, daga nan Yamai. Ban ga laifin buri ba har yau. Laifina shi ne ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da zan je in yi a can ba, in ban da zama. Na yi ta jarrabawa har aka naɗa ni konseye a Filinge, wato mai zagaya makarantu yana duba aikin malamai yana ba su shawara.

Ana nan aka kawo mana sabon ansipekta, babban mai duba makarantun yankin. Ba mugun mutum ba ne, mutumin takarda ne kawai, abin da ba a rubuta ba a wurinsa bai faru ba. Ya zo da labarin cewa mutanen nan suna rufa wa 'yan uwansu asiri. Na kuma ji ana neman wanda za a ɗaga zuwa Yamai, kuma maganar ansipektan ce za ta yi nauyi. Wata safiya muka fita rangadi tare, a cikin jerin makarantun har da wadda Mushe yake, wani ƙauye a kan hanyar Bonkuku. Muna cikin mota ya dube ni ya ce, "An ce dattijon nan ɗan uwanka ne. Yau za mu ga ko kana iya raba aiki da zumunci." Bai ce in ci mutuncin kowa ba. Ni na ba kaina wannan aikin.

Ajin rumfar kara ne, yara 'yan shekara ta biyu zaune a kan tabarmi da buhunan da aka farke. Mun tarar yana koya musu rabawa. Ya zuba tsakuwa a ƙasa, ya tsai da yara huɗu, yana tambaya da Hausa, "In munka raba wannan tsakanin mutum huɗu, kowa nawa za shi samu, nawa ka saura?" Hannuwa sun tashi ko'ina. Da ya gan mu fuskarsa ta washe, ya taho da hannu biyu. "Marhabin da baƙi. Sa'idu, ka zo lahiya? Ina gajiya?"

Na amsa masa da Faransanci. Na ce a nan ba Sa'idu ba ne, konseye ne, kuma ina son ganin takardun shirin darasinsa. Ya janye hannuwansa. Sai ya ce, "To, Mushe Konseye," ya je ya ɗauko abin da yake da shi. Takardun ba su bi sabon tsarin da aka aiko ba. Ya haɗa da baƙin kayen nan nasa, ban ko buɗe shi ba. Na ce masa dokar aji Faransanci ce, kuma shekarun da ya yi yana aiki ba su ba shi iznin yin abin da ya ga dama ba. Yaran ba su ji abin da na ce ba, amma yaro yana jin murya. Sannan na miƙa hannu na karɓi allin daga hannunsa, na ce bari in nuna masa yadda ake yi.

Na yi kusan rabin awa ina zuba Faransanci. Ina faɗa suna maimaitawa da ƙarfi baki ɗaya, kuma na san sarai ko ɗaya bai gane ba, domin ni ma na taɓa zama a irin wannan tabarmar. Ansipekta yana gyaɗa kai. Mushe yana tsaye a bakin rumfa, hannuwansa a baya, kamar ɗalibin da aka fitar. Da muka fito, Goggo Hajo ta aiko a ce mana ta yanka zabo, tuwo ya kusa. Na ce a faɗa mata muna sauri. Gidan bai fi taki ɗari daga makarantar ba, ban leƙa na gaishe ta ba.

Rahoton shafi uku ne. Na rubuta cewa ya tsufa, ba ya bin tsari, yana ɓata wa yara lokaci da harshen gida, kuma zai fi kyau a ba shi aikin da ba na aji ba. Babu ƙarya ƙarara a ciki, shi ya sa ya fi ƙarya muni. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga wa hatimi. Kafin hutun tsakiyar shekara takarda ta fito: an cire shi daga aji, an maido shi Filinge ya riƙa kula da magaza, ɗakin da ake ajiye littattafai da alli da allunan yara. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki.

Magazar nan tana bakin ƙofar ginin da burona yake. Shekara biyu cur, kowace safiya sai na wuce ta gabansa. Yakan riga kowa zuwa. Idan na iso ya miƙe ya ce, "Ina kwana, Mushe Konseye," in amsa ina kallon takalmina. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ni ne makashin, ni ne maratayin, amma ban taɓa ganin fushi a fuskarsa ba. Da ya zage ni sau ɗaya, da na sami abin riƙewa in ce mun yi daidai.

Abin da ya yi da magazar shi ne darasin da na fi daɗewa ban gane ba. An ajiye shi can don ya zauna ya jira lokacinsa. Shi kuwa ya shiga ya tarar da kwalaye na littattafai da aka manta da su shekara da shekaru, gara ta fara cin na ƙasa. Ya fitar da su rana, ya kakkaɓe, ya ɗinke waɗanda suka rabu da zare da basilla. Ya zo burona sau ɗaya tak, ya nemi in sa hannu a ba shi iznin raba su. Ranar kasuwa sai ya bi masu amalanke da direbobin da suka zo daga ƙauyuka, ya ɗora wa kowa ɗauri da sunan makaranta a jiki. Ba a jima ba matasan malamai 'yan kwantaragi, waɗanda aka tura daji ba tare da wani horo na kirki ba, suka gano shi. Sukan zo su zauna a kan benci a ƙofar magaza, wannan ya ce yaransa sun kasa haɗa baƙi da wasali, wancan ya ce iyaye sun janye 'yan mata. Yana saurare, yana zana musu abu a ƙasa da tsinke. Aikina ke nan da ake biyana dominsa. Ƙofata a buɗe take, ta tagar burona ina hangen su, ba mai shigowa wurina sai mai neman sa hannu.

Na samu abin da nake nema. An kira ni Yamai. Ranar da zan tashi na daure na shiga magaza in yi masa sallama. Ya ba ni kujerarsa, shi ya zauna a kan kwali. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Har na miƙe sai ya ce, "Sa'idu." Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar rumfar nan. Ya ce, "Na karanta rahotonka. Faransancinka ya yi kyau, ban samu kuskure ko guda ba, na ji daɗin wannan. Abu guda na nema ciki ban gani ba. Ba ka tambayi yaran ba ko sun iya rabawar." Ya raka ni bakin ƙofa. Ya ce, "Tahi, kar mota ta bar ka. Allah Shi tsare hanya."

A nan ya kamata in durƙusa in nemi gafara. Na ce a raina sai na dawo hutu. Na dawo hutu sau da yawa, in je in gaishe su da buhun shinkafa da turmin atamfa, mu yi hirar damana da tsadar hatsi, in tashi. Da ciwo ya kwantar da shi, Goggo ta sa aka kira ni a salula aka ce yana tambayata. Muna tsakiyar wani taro na mako guda, ni ne mai gabatarwa. Na ce ranar Asabar ina tafe. Ya rasu ranar Alhamis. Da-na-sani ƙeya ce.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ko'ina maganar da ake yi ita ce a fara koya wa yaro da harshen gida kafin a kai shi ga baƙon harshe. Ni da kaina na tsaya a ɗakunan taro masu sanyi a Yamai ina bayyana wannan a matsayin sabuwar hikima, har ina kawo misalin ɗaurin kara goma-goma, ana tafa mini. Ko sau ɗaya ban ambaci sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba na jin zai yi murnar cewa gaskiyarsa ta fito, irin wannan ba ta dame shi ba. Ina jin abin da zai hana shi barci shi ne makarantun yankinmu da rashin kwanciyar hankali ya rufe, da yaran da suka taso a gefen Filinge ba su taɓa riƙe alli ba. Da yana nan da ƙarfinsa, da tuni ya sami inuwar wani gawo ya tara su, ba zai jira takardar kowa ba. Matasan yanzu kuma, masu neman aikin koyarwa don su rage zaman banza kafin wani abu ya faɗo, ba zai zage su ba. Ni ne farkon irinsu da ya sani, kuma bai zage ni ba.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa mutum ɗaya na cuta, shi kuma ya haƙura. Bara wannan ma ya rushe. Ina hanyar komawa gida bayan na ajiye aiki, na tsaya kasuwar Balleyara in sayi hatsi. Mai hatsin wata mace ce da ba ta kai talatin ba, da goyo a bayanta. Tana awo da tiya tana lissafi da ka, kafin in gama danna salulata ta faɗi jimilla. Na ce mata lalle ta yi lakkol. Ta ce aji biyu kawai ta yi, ta faɗi sunan ƙauyensu. Sai ta tsaya da tiyar a hannu tana kallona.

Ta ce, "Baba, ba kai ne kaz zo da mota ka amshe alli hannun Mushe Alzuma ba?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ina cikin huɗun da ya tsayar ran nan." Ta ci gaba da awonta. "Da anka ɗauke shi, wata ukku ba a kawo wani ba. Da sabon ya zo, mu 'yan mata an riga an maishe mu daka da ɗiban ruwa. Da Mushe na nan, gida-gida za shi bi. Wanga bai san gidan kowa ba." Ba ta faɗa da zafi ba, kamar mai ba da labarin farin da aka yi wata shekara. Ta ɗaure bakin buhun, ta ƙara mini gyara, ta ce a gaida gida. Na shiga mota na kasa tayar da ita. A rahotona babu layi ɗaya a kan wanda zai riƙe ajin bayansa. Ban ma yi tunanin abin ba.

Da na isa Filinge ban sauke kaya ba na wuce wurin Goggo Hajo. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune gidan ɗiyarta. Na zauna a ƙasa kusa da tabarmarta na faɗa mata komai, har da maganar da aka yi a mota, har da zabon da na ƙi ci. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Ɗana, duk na sani. Tun ran nan na so in zo in same ka, shi ya hana ni. Ya ce yaro ne mai gudu, bai san inda za shi ba tukuna, in anka tare shi yanzu hwaɗuwa za ya yi."

Na ce, "Goggo, ya yafe mini?"

Ta gyara zama a kan tabarmarta. Sannan ta ce, "Ban taɓa jin ya ce ka yi mashi laihi ba, to ina zan ji ya ce ya yahe? Ba ni yi maka ƙarya don ranka ya yi sanyi. Abin da na gani, da anka ɗauke shi daga ajin nan, wata guda bai ci tuwon kirki ba, kuma ba sunanka yake kira ba. Sunan yaran yake kira, ɗaya bayan ɗaya."

Wannan amsar nake ɗauke da ita. Na shekara talatin da wani abu ina bin matsayi, na kuma same shi daidai gwargwado, amma da na tattara kayana daga buro, ban ga abin da zan nuna in ce wannan ni na yi shi ba. Shi bai taɓa wuce ƙaramin mataki ba, babu makarantar da aka sa wa sunansa, takardar ƙarshe da gwamnati ta ajiye a kansa ita ce wadda na rubuta. Amma a ƙasar nan akwai malamai da yanzu furfura ta fara fito musu, waɗanda idan yaro ya ɓace kwana biyu sukan hau babur su bi sawunsa, domin haka wani dattijo ya ce musu a ƙofar magaza. Akwai masu awo da masu ɗinki da direbobi da ke karanta takardarsu da kansu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Shi aikin yake so, ni kujerar nake so, kuma kowa ya sami abin da ya so.

Da aka koma karatu na je wurin daraktar makarantar unguwarmu, yarinya ce sa'ar ɗiyata, na roƙe ta ta ba ni yaran da aka bari a baya, safiya uku a mako. Ta yi mamaki, amma ta ba ni. Ban iya ba. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa malamai koyarwa, yara goma sha biyu sun gagare shi zama wuri ɗaya. Ina koyo a hankali, a shekarun da ya kamata a ce ni ake tambaya. Gab da tafiya hutu, wata yarinya mai in'ina da kowa ya fid da rai da ita ta karanta layi guda daga farko har ƙarshe ban taimake ta ba. Na ji wani abu a ƙirjina da ban taɓa ji ba ranar kowane naɗi da aka yi mini. Na waiga in faɗa wa wani, sai na tuna mutum ɗaya ne zai san girman abin, kuma na bar shi ya tafi ban je ba.

Allah Ya jiƙan Mushe Alzuma, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da abin da mu muka kasa. Ni kuma Ya ba ni abin da zan ce masa ranar da za mu haɗu.